Na'urar DVR: Tarihinta, yadda take aiki, da taƙaddamar da ta haifar

Na'urar DVR wani akwati ne da ake haɗawa da talabijin domin naɗar shirye-shiryen da tashoshi ke watsawa. Tana adana su ne a kan faifan ajiya irin na cikin kwamfuta, har zuwa lokacin da mai ita zai samu sukunin kallo. A Birtaniya da wasu ƙasashen Afirka an fi saninta da sunan PVR.

An fara sayar da ita a Amurka a shekarar 1999. Kafin wannan lokaci, a mafi yawan gidaje tasha ce ke tsayar da lokacin shiri, wanda ya makara kuma ya yi asara. Na'urar ta miƙa wannan iko ga mai kallo, abin da ya jawo shari'o'i na shekaru da dama a kan tambayoyi biyu: wane ne ke da iko da shirin da aka naɗa, kuma wa zai biya kuɗin shirya shi idan jama'a suka daina kallon talla?

Kafin zuwan DVR

Gidajen talabijin ne suka fara naɗar shirye-shirye. A shekarar 1956 kamfanin Ampex na jihar Kalifoniya ya fito da na'urar naɗar hoto a kan zaren kaset, wadda kuɗinta ya kai dala dubu 50. A watan Nuwamba na wannan shekara tashar CBS ta yi amfani da ita wajen naɗar labaran da aka watsa daga birnin New York, ta sake watsa su bayan sa'o'i uku ga mazauna yammacin ƙasar, saboda bambancin lokaci.

Sai da aka yi kusan shekaru ashirin kafin wannan fasaha ta shiga gidajen jama'a. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Betamax a shekarar 1975, kamfanin JVC kuma ya biyo baya da VHS a 1976. Kaset ɗin Betamax na farko awa ɗaya kawai yake ɗauka, alhali na VHS na ɗaukar awa biyu, wato tsawon fim guda. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa VHS ya mamaye kasuwa.

To amma naɗar shiri da kaset na da wahala. Dole ne mutum ya saita agogon na'urar, ya shigar da rana da lokaci da lambar tasha, ya kuma tabbatar akwai kaset mai sauran fili a ciki. Ba a iya kallon farkon shiri sai an gama naɗarsa baki ɗaya, kuma hoton na raguwa da inganci yayin da kaset ɗin ke tsufa.

Shari'ar Betamax

A shekarar 1976 kamfanonin fina-finai na Universal da Disney suka kai Sony ƙara, suna masu cewa naɗar shirye-shiryensu a gida keta haƙƙin mallaka ne. A shekarar 1982, shugaban ƙungiyar kamfanonin fina-finan Amurka, Jack Valenti, ya bayyana a gaban wani kwamiti na majalisar dokokin ƙasar, inda ya kamanta haɗarin na'urar ga masu shirya fina-finai da haɗarin wani sanannen mai kisan kai na birnin Boston ga matar da ke gida ita kaɗai.

A watan Janairun 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar daga cikin tara, cewa naɗar shiri a gida domin a kalla daga baya bai saɓa wa doka ba. Wannan hukunci shi ne tushen da duk na'urorin da suka biyo baya suka dogara a kansa. Birtaniya ma ta amince da irin wannan naɗa a cikin dokarta ta haƙƙin mallaka ta shekarar 1988.

Fargabar kamfanonin fina-finan ba ta tabbata ba, domin kafin ƙarshen shekarun 1980 sayarwa da bayar da hayar kaset sun zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsu na samun kuɗi.

Shigowar TiVo da ReplayTV

A watan Janairun 1999, a wajen baje kolin kayan lantarki da ake yi kowace shekara a birnin Las Vegas, ƙananan kamfanoni biyu suka nuna akwatunan da ba sa buƙatar kaset. Ɗaya shi ne TiVo, wanda injiniyoyi biyu, Mike Ramsay da Jim Barton, suka kafa a 1997. Ɗayan kuma shi ne ReplayTV na Anthony Wood, wanda daga baya ya kafa kamfanin Roku.

Akwatin TiVo na farko ya fita kasuwa a ƙarshen watan Maris na 1999. Ƙaramin samfurin na ɗaukar shirye-shirye na awa 14, ana sayar da shi dala 499, ban da kuɗin da ake biya domin samun jadawalin shirye-shirye, wanda akwatin ke saukewa da kansa ta wayar tarho.

Yadda take aiki

Sassa uku ne ginshiƙin na'urar: sashen kama tasha, faifan ajiya, da kuma jadawalin shirye-shirye.

A akwatunan farko, sashen kama tasha na karɓar hoton, sai na'urar ta mayar da shi bayanan kwamfuta, ta matse shi ta hanyar tsarin da ake kira MPEG-2 domin kada ya cinye fili. Bayan da tashoshi suka koma watsa shirye-shirye ta tsarin dijital, sai ya zamana na'urar na adana bayanan ne yadda suka iso, saboda haka hoton da aka naɗa daidai yake da wanda aka watsa.

Bambancin faifai da kaset shi ne, zaren kaset tafiya yake yi daga farko zuwa ƙarshe, shi kuwa faifai ana iya rubutu a wani sashe nasa ana karanta wani sashen kusan a lokaci guda. Wannan ne ya sa mutum zai iya fara kallon shiri daga farkonsa alhali ba a gama naɗar ƙarshensa ba.

Haka nan na'urar kan riƙa naɗar duk tashar da aka kunna ko da ba a umurce ta ba. Akwatin TiVo na riƙe da mintuna 30 na ƙarshe. Idan baƙo ya yi sallama ana tsakiyar labarai, sai a danna maɓallin dakatarwa, bayan an dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Idan an ci ƙwallo mutum bai gani da kyau ba, sai ya mayar da hoton baya.

Amfani da ita a gida

Maimakon shigar da lokaci da lambar tasha, mai amfani da DVR kan zaɓi sunan shirin ne daga jadawalin da ke fitowa a fuskar talabijin. Yana kuma iya umurtar na'urar ta naɗi dukkan kashi-kashi na wasan kwaikwayo mai dogon zango, ko da an sauya masa rana ko lokaci.

Sai dai akwai abubuwan lura. Akwatin da ke da sashen kama tasha ɗaya tak ba ya iya naɗar wata tasha ana kallon wata kai tsaye, shi ya sa aka riƙa ƙera masu biyu, daga baya har da masu huɗu da shida. Wasan ƙwallo ko jawabin shugaban ƙasa kan zarce lokacin da aka rubuta a jadawali, don haka waɗanda suka saba kan ƙara wasu mintuna a ƙarshen lokacin naɗa. Hoto mai tsananin kyau na cin fili ninkin-ba-ninkin na hoto na yau da kullum, kuma idan faifai ya cika, akwatuna da yawa kan share tsofaffin shirye-shirye sai wanda aka yi wa alamar a bar shi.

Wani abin kuma shi ne, akwatunan da kamfanonin talabijin na biyan kuɗi ke bayarwa kan kulle abin da aka naɗa. Ba a iya kwafarsa zuwa wata na'ura, kuma sau da yawa idan mutum ya daina biyan kuɗin wata, ba zai iya kallonsa ba.

Rigimar tallace-tallace

Yawancin tashoshin Amurka da kuɗin talla suke rayuwa, ita kuwa DVR ta sauƙaƙa tsallake talla. A shekarar 2001 kamfanin SONICblue, wanda ya sayi ReplayTV, ya fito da samfurin da ke tsallake talla da kansa, yake kuma iya aika shiri ta intanet zuwa wani akwatin irinsa. Manyan tashoshi da kamfanonin fina-finai suka kai shi kotu. A shekarar 2002 shugaban kamfanin Turner Broadcasting, Jamie Kellner, ya bayyana tsallake talla a matsayin sata. SONICblue ya durƙushe a 2003 tun kafin a kammala shari'ar, waɗanda suka sayi ReplayTV kuma suka cire waɗannan abubuwa biyu daga sababbin akwatuna.

Daga bisani masu talla da tashoshi sun nemi mafita ta hanyar sauya yadda ake ƙirga masu kallo. Kamfanin Nielsen mai wannan aiki ya fara lissafi da masu kallo ta DVR a ƙarshen 2005. A 2007 kuma aka amince da sabon ma'auni, wanda ke ƙirga waɗanda suka kalli tallar kanta, kai tsaye ko cikin kwanaki uku da watsa shirin.

Rigimar ta sake tasowa a 2012, lokacin da kamfanin Dish ya fito da tsarin AutoHop mai tsallake talla. Bayan shari'a, an sasanta da manyan tashoshin ɗaya bayan ɗaya, bisa sharaɗin jinkirta amfani da tsarin na wasu kwanaki bayan watsa shiri.

Batun sirri

A watan Fabrairun 2004, bayan wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin na Amurka, kamfanin TiVo ya ba da sanarwar cewa wani ɗan lokaci a cikin wasan da mawaƙiya Janet Jackson ta yi lokacin hutun rabin lokaci, shi ne abin da masu akwatunansa suka fi maimaitawa a tarihin kamfanin. Sanarwar ta nuna wa jama'a da dama cewa akwatin na aika wa kamfani rahoton abin da ake kallo da abin da ake tsallakewa. Kamfanin ya ce bayanan ba sa ɗauke da sunan kowa, amma muhawara a kan tattara bayanan masu kallo ta ci gaba har zuwa zamanin talabijin masu haɗuwa da intanet.

Bazuwa zuwa wasu ƙasashe

Kamfanonin talabijin na tauraron ɗan Adam da na waya ne suka yaɗa na'urar, ta hanyar sanya faifan ajiya a cikin dikodarsu. A Birtaniya kamfanin Sky ya fito da Sky+ a shekarar 2001. TiVo ya kai wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni ƙara bisa zargin satar fasaha, kuma a 2011 Dish da EchoStar suka amince su biya shi dala miliyan 500.

A nahiyar Afirka, kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai tashoshin DStv, ya fito da dikoda mai naɗa a 2005, sannan samfurin Explora a 2013. Akwai kuma dikodoji masu rahusa na kama tashoshin kyauta, waɗanda ke naɗa a kan ma'ajiyar USB da ake soka musu. A ƙasashe irin su Najeriya, babban cikas shi ne wutar lantarki, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, naɗar ma ta yanke ke nan.

Daga akwati zuwa intanet

A shekarar 2006 kamfanin Cablevision na Amurka ya ce zai riƙa adana wa abokan hulɗarsa shirye-shiryen da suka zaɓa a kan manyan kwamfutocinsa, maimakon a gidajensu. An kai shi ƙara, amma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, bisa hujjar cewa mai kallo ne ke yin naɗar tunda shi ke danna maɓalli.

A shekarar 2007 kamfanin Netflix ya fara nuna fina-finai ta intanet, BBC kuma ta buɗe shafinta na iPlayer domin kallon shirye-shiryen da suka wuce. Da haka buƙatar naɗa a gida ta fara raguwa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kaset ta VHS, ya daina a 2016. A wannan shekara ce kuma kamfanin Rovi ya sayi TiVo a kan dala biliyan 1 da miliyan 100, kuma a 2025 TiVo ya daina sayar da akwatunan naɗa.

Al'adar da DVR ta kawo, ta dakatar da shiri da mayar da shi baya da kallonsa lokacin da aka ga dama, ta zama ruwan dare. Abin da ya sauya shi ne wurin ajiya. Kaset ɗin da mutum ya naɗa a shekarun 1980 nasa ne muddin bai lalace ba. Shirin da ke kan kwamfutocin kamfani kuwa yana da wa'adi: lokacin da aka ƙaddamar da YouTube TV a 2017, alal misali, watanni tara aka ƙayyade wa duk abin da aka naɗa kafin a share shi.