Wa Ya Gama Mario? Tarihin Wata Gardama



Mu da muka taso tsakanin Rano da Kibiya mun san gardamar gidan gem: yaro ya bi ta ɓoyayyen bututu, ya tsallake matakai, ya ce ya gama Mario, sauran su ce atafau bai gama ba. Ashe gardamar ta duniya ce.

Super Mario Bros. ya fito a 1985 da matakai 32, amma mai bin bututun takwas kawai zai taka, gwanaye kuma kan ƙare cikin ƙasa da minti biyar. A 1996 Nintendo ya fitar da Super Mario 64 mai taurari 120, aka tsara sai da 70 za a kai ƙarshe. Sai 'yan wasa suka gano kurakuran manhajar, suna ratsa ƙofofi da taurari 16, daga baya ma babu ko ɗaya.

Maimakon a haramta dabarar, sai aka raba gasar rukuni-rukuni. Mai neman cikakkiyar kammalawa dole ya tattara 120 ɗin, ya kayar da Bowser na ƙarshe a zama ɗaya, agogo na tafiya, aikin sama da awa ɗaya da rabi. Sannan ya kawo bidiyon da ba a yanka ba, domin an sha kama masu harhaɗa guntaye.

'Yan wasan ne da kansu suka kafa dokokin nan. Mu da ke sakin littafi shafi-shafi a waya, in mun rubuta "Tammat", da taurari nawa muka iso?