Tarihin Nazarin Siyasar Jihohi a Jami'o'in Amurka

Nazarin siyasar jihohi reshe ne na kimiyyar siyasa da ke duba yadda ake mulki a matakin jiha: gwamna da majalisarsa, kotuna, haraji, jam'iyyu, da kuma su wane ne mazauna jihar da yadda yawansu ke sauyawa. A Amurka ya fi samun gindin zama, inda jihohi 50 kowace ke da kundin tsarin mulkinta. Mai karatu a Najeriya ba zai ji abin baƙo ba, tunda tsarin da ƙasar ta ɗauka a 1979, mai zaɓaɓɓen gwamna da majalisar dokokin jiha, daga can aka aro shi.

An fara koyar da kimiyyar siyasa gadan-gadan a 1880, lokacin da John Burgess ya kafa mata makaranta a Columbia da ke New York, masananta kuma suka kafa ƙungiyarsu a 1903. Amma jihohi sun daɗe suna zaman 'yan bora. Abin da ake koyarwa game da su bai wuce haddar dokoki ba: wa'adin gwamna shekara nawa, kujerun majalisa guda nawa. Hankalin manyan malamai yana kan Washington.

Wanda ya sauya wannan shi ne V. O. Key, haifaffen Austin a jihar Texas. A 1949 ya fitar da littafinsa kan siyasar jihohi 11 na Kudu, bayan an yi hira da ɗaruruwan 'yan siyasa da 'yan jarida, an kuma bi sakamakon zaɓe gunduma-gunduma. A lokacin kusan jam'iyyar Democrat kaɗai ke cin zaɓe a yankin. Key ya nuna cewa ginshiƙin wannan tsari shi ne hana baƙaƙen fata jefa ƙuri'a, ta hanyar harajin zaɓe da gwajin iya karatu da zaɓen fid da gwani na farare zalla. Wannan na ƙarshe sai a 1944 Kotun Ƙoli ta soke shi, a ƙarar da wani baƙar fata likitan haƙori, Lonnie Smith, ya shigar daga Houston. Key ya kuma kafa hujjar cewa inda babu jam'iyyar adawa mai ƙarfi, talaka ne ke asara, fari ko baƙi. A ganina nan ne fannin ya zama ilimi na gaske, don ya bar takarda ya koma tambayar wa ke da iko, wa aka rufe wa ƙofa.

Batun ƙidaya kuwa kotu ce ta shigo da shi aji. Jihar Tennessee ta yi shekara sittin, tun 1901, ba ta sake shata mazaɓu ba, mutane kuma sun yi ta ƙaura zuwa birane. Sai ya zama ɗan majalisa daga karkara yana wakiltar mutane kaɗan, na birni yana ɗauke da ninkinsu sau da yawa, amma ƙuri'arsu a zaure ɗaya ce. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1962 kan Tennessee da na 1964 kan Alabama suka wajabta a daidaita yawan jama'ar mazaɓu. Tun daga nan, duk ƙidayar da ake yi bayan shekara goma sai ta taɓa rabon kujeru. A 1966 Daniel Elazar ya kasa al'adun siyasar jihohi gida uku bisa asalin waɗanda suka fara zama a cikinsu. Har yau ana koyar da rabon nasa, kodayake ƙaura ta sa ya fara tsufa.

Texas ce ta fi ɗaukar darasin da muhimmanci. Dokar jihar ta hana jami'o'in gwamnati ba da digirin farko sai ɗalibi ya yi kwasa-kwasan gwamnati da suka haɗa da tsarin mulkin Amurka da na Texas, ko da injiniya yake karanta. A nan yake sanin cewa kundin jiharsa na 1876 ne, an yi masa gyara fiye da sau 500. Majalisa mai wakilai 150 da sanatoci 31 tana zaman da doka ta tsara ne sau ɗaya a shekara biyu, na kwana 140 kacal. Kuma tun bayan 1994 babu ɗan Democrat da ya ci zaɓen da jihar baki ɗaya ke kaɗa wa ƙuri'a.

Ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 29 a Texas, jihar ta ƙaru da kujeru biyu a majalisar wakilai ta tarayya, suka zama 38. Kusan duk ƙaruwar jama'ar daga waɗanda ba farare ba ta fito, amma taswirar mazaɓun da majalisa ta shata a 2021 ta jawo ƙararraki kan zargin rage ƙarfin ƙuri'arsu. Alƙaluman hukumar ƙidaya na 2022 sun nuna cewa masu asali daga ƙasashen Latin Amurka sun zarce fararen fata yawa a jihar, sai dai har yanzu ba su kai su fitowa zaɓe ba.