Tafkin Bosomtwe da Haƙƙin Masauki

Tun kafin mu fara kwasar iyali daga Zangon Kumasi zuwa Abono yawon Sallah, tafkin Bosomtwe wuri ne mai alfarma ga Asante. Tarihinsu na baka ya ce wani maharbi ne ya gano shi, yana bin gadar da ya harba. Masana kuwa sun ce dutse ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren kiyayewa.

Kakanninmu fataken goro sun zauna a ƙasar nan da mutunci domin sun kiyaye haƙƙin masauki. Ledar da muke bari a gaɓa, sunansu take ɓatawa. Mu riƙa kwashe shararmu kafin mu juyo gida.