Rajistar Sabon Makulli a Motoci Masu Na'urar Hana Tada Inji: Nazarin Hanyoyi da Tasirinsu ga Tsaro

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyin da ake bi wajen yi wa mota sabon makulli idan tana ɗauke da na'urar hana tada inji, wadda makanikai ke kira imobilaiza. An bi diddigin yadda na'urar ke aiki, sannan aka kwatanta hanyoyi uku na aikin bisa binciken da masana suka wallafa da tsare-tsaren kamfanonin ƙera motoci. Nazarin ya nuna cewa tashin inji kaɗai ba ya tabbatar da ingancin aiki. Aiki ingantacce shi ne wanda ya tantance mai motar, ya shigar da sabon makulli, ya kuma goge wanda ya ɓata.

1.0 Gabatarwa

Har zuwa farkon shekarun 1990, tsaron yawancin motoci ya dogara ne ga haƙoran makulli. Duk wanda ya iya fasa kan makullin ko haɗa wayoyi zai tafi da mota. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta fitar da doka a 1995 wadda ta wajabta sanya imobilaiza a sababbin motoci daga 1998. Ostareliya ta bi sahu a 2001, Kanada kuma a 2007. Binciken van Ours da Vollaard na 2016 ya kiyasta cewa na'urar ta rage satar motoci da kusan kashi 40 cikin ɗari. Amurka ba ta wajabta ta ba, an kuma ga illar hakan daga 2021, lokacin da satar wasu motocin Hyundai da Kia marasa na'urar ta yawaita.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Galibin motocin da ke titunan Kano da Kaduna da Maraɗi na hannu ne, tokumbo ko 'yan Beljiyam, da suka shigo ta Kwatano ko Legas, kuma sau da yawa da makulli ɗaya tak suke zuwa. Ranar da wannan ɗayan ya ɓata, mai mota yakan gane cewa abin da ya rasa ya wuce guntun ƙarfe.

2.0 Yadda Na'urar Ke Aiki

A cikin baƙar robar kan makulli akwai ƙwayar lantarki da masu sana'ar ke kira cip, wani lokaci cikin ɗan gilashi mai kama da ƙwayar shinkafa doguwa. Ba ta da batir. A bakin ramin makullin akwai zoben waya. Da zarar an murɗa makulli, zoben zai fitar da maganaɗisu a kan kilohaz 125, ko 134.2 a wasu tsare-tsaren. Daga nan ƙwayar ke samun wutar da za ta amsa kira. Idan amsar ta dace da abin da ke rubuce a ma'ajiyar na'urar, sai a ba ƙwaƙwalwar inji, wato birenbos, izinin sakin mai da wuta. Idan ba ta dace ba, kik zai juya amma inji ba zai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take, fitilar tsaro tana ƙyaftawa a dashbod.

Ƙwayoyin farko lamba ɗaya suke maimaitawa kullum, don haka kwafarsu ba wuya. Na baya sun koma tsarin tambaya da amsa: mota ta aika lambar da ba ta taɓa aikawa ba, ƙwayar ta sarrafa ta da wani sirri da su biyu kaɗai suka sani, ta mayar da sakamako. Sirrin kansa ba ya fita fili. Abin lura shi ne, motar tana riƙe da jerin makullan da ta yarda da su. Saboda haka, abin da ake kira furogiramin ɗin makulli rubuta suna ne a cikin rajista.

3.0 Hanyoyin Yin Sabon Makulli

3.1 Kwafa

A nan ana karanta ƙwayar makullin da ke hannu a zuba bayananta cikin sabuwa, ba tare da an taɓa motar ba. Hanya ce mai sauri da araha. Sai dai motar ba ta san an ƙara makulli ba. A wurinta tagwayen abu ɗaya ne. Idan na asali ya faɗa hannun ɓarawo, ba yadda za a goge shi a bar kwafin, domin suna ɗaya suke amsawa.

3.2 Ƙari ta Hanyar Makullin da Ke Aiki

Wasu kamfanoni sun bar ƙofa ga mai mota. A tsarin PATS na Ford, wanda ya fara a 1996, motoci da dama suna karɓar makulli na uku idan aka kunna su da makullai biyu masu rajista ɗaya bayan ɗaya. Hikimar neman biyu a bayyane take: wanda aka ba aron makulli ɗaya ba zai iya yi wa kansa wani ba. Kwafi kuwa ba ya cika wannan sharaɗi, tunda motar tana ganin sa a matsayin na farkon. A Toyota na wancan zamani an bambanta uban makulli, mai baƙin kai, da ƙaramin makulli mai ruwan toka, wanda ke tada mota amma ba shi da ikon shigar da wani. Mai sayen mota da aka miƙa wa mai ruwan toka kaɗai ya sayi matsala bai sani ba.

3.3 Idan Duk Makullai Sun Ɓata

Wannan ce hanya mafi wahala. Ana jona kwamfuta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sannan motar ta nemi hujja. Peugeot irin su 406 da 307 suna neman lambar sirri mai gurbi huɗu da ke kan katin da aka ba mai motar na farko, katin da ba kasafai yake ƙetaro teku tare da motar ba. Motocin Ford da dama kan tilasta jiran minti goma kafin su buɗe rajistarsu, domin ɓarawo ba ya son tsayawa. A wasu tsofaffin motocin dole a ciro na'urar a sake rubuta ma'ajiyarta, ko a canza ta gaba ɗaya. Fa'idar wannan hanya ita ce tana ba da damar share rajistar, ta yadda ɓataccen makulli zai zama ƙarfe kawai.

4.0 Raunin Sirrin Ƙwayoyi

Masana sun nuna cewa sirrin ƙwayoyi da dama bai kai yadda aka zata ba. A 2005 masu bincike daga Jami'ar Johns Hopkins da cibiyar RSA suka karya DST40 na Texas Instruments, mai sirrin bit 40. A 2012 Verdult da Garcia da Balasch suka nuna ana iya gano sirrin Hitag2, mai bit 48, cikin minti shida, alhali yana cikin nau'o'in motoci fiye da 200. Binciken Megamos Crypto kuwa wata kotu a Landan ta dakatar da wallafa shi a 2013 bisa ƙarar Volkswagen, bai fito ba sai 2015. Daga baya kamfanoni suka karkata ga AES mai bit 128.

Wannan rauni yana da fuska biyu. Shi ne ya ba injinan kwafa masu araha damar aiki a rumfunan masu yankan makulli, shi ne kuma ya sauƙaƙa wa ɓarayi. Tunda motocin da suka tsufa a Turai da Amurka su ne ke ƙarasa rayuwarsu a wurinmu, raunin ya fi daɗewa a hannunmu.

5.0 Tattaunawa

Babban haɗarin da ke garejinmu ya fi lissafin sirri sauƙi. Idan robar makulli ta tsage, wani mai gyara yakan ciro ƙwayar ya manna ta da salatif a jikin zoben wayar, ya rufe murfi. Mota za ta tashi, mai ita ya biya yana godiya, amma daga ranar kowane ƙarfe da ya iya murɗa kan makullin zai tada ta. Wani kuma yakan cire tsarin daga birenbos ɗungurungum. Haka nan, wanda ya shigar da sabon makulli ya bar ɓatacce a rajista ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Sai batun amana. Injin da ke taimakon wanda makullinsa ya faɗi a kasuwa shi ne zai taimaki wanda ya sato mota. Amurka ta magance wannan da rajistar ƙwararru ta NASTF, Tarayyar Turai kuma da tsarin SERMI da ya fara aiki a 2023. A duka biyun sai an tantance mai gyara kafin ya samu lambobin sirri. Ƙungiyoyin makanikai da masu yankan makulli, irin waɗanda ke kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, suna da tsarin shugabancin da zai iya ɗaukar makamancin wannan nauyi.

6.0 Kammalawa

Hanyoyin uku duk suna tada inji, amma ba su bar motar cikin tsaro iri ɗaya ba. Maƙalar na ba da shawarar mai saye ya nemi sanin adadin makullan da ke rajista kafin ya biya, ya kuma yi na biyu tun na farko yana hannu. Mai gyara ya duba takardun mota da lambar shasi da katin shaidar mai ita, ya rubuta aikin a littafi, ya goge duk makullin da ba a kawo gabansa ba. Wanda ya kawo mota gyara ya damƙa dukiyarsa ne ga mai sana'a, kuma haƙƙinsa ne ta koma gida ba wanda zai iya tada ta sai shi da wanda ya yarda da shi.