Daga Ƙofar Dukawuya Zuwa Montana: Wa Ya Ɗora Mana Doka?

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Kanar Morland suka ja daga a gaban Ƙofar Dukawuya, suka yi ta sakar mata igwa. Ganuwa ta ƙi tsagewa. Sai suka zaga ta Kabuga, nan suka sami kafa suka kutsa cikin birni. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Kafin faɗuwar rana Kano ta sauya hannu, kuma babu wanda ya tambayi marinin Ƙofar Mata ko ɗan kolin Kurmi ko ya yarda.

Ranar 21 ga Maris, a Sakkwato, Lugga ya fayyace abin ba kunbiya-kunbiya: yadda Fulani suka ci ƙasa da yaƙi suka mallaki ikon naɗa sarki da karɓar haraji, haka ikon ya koma hannun Turawa tun da su ma da yaƙi suka ci. Hujjar ke nan duka. Daga nan kakanninmu suka shiga tambayar da ta fi igwa nauyi: dokar wanda ya shigo da ƙarfi ta hau kanka ko ba ta hau ba?

Ba su ba da amsa ɗaya ba. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ce a yi hijira, jama'a suka bi shi gabas, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Waziri Buhari ya zauna, ya kuma rubuta wa malamai risala yana kafa hujjar cewa ana iya bin mai rinjaye a sha'anin duniya don a tsare addini da rayukan mutane. A Kano, Wambai Abbas ya karɓi sarauta, alƙalai suka ci gaba da zama.

Amsa mafi zafi daga Satiru ta fito, wani ƙauye kudu da Sakkwato, inda talakawa da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu suka taru a kan aƙidar Mahadi. Sun ƙi biyan haraji, ba ga Nasara kaɗai ba, har ga Sarkin Musulmi. A Fabrairun 1906 suka fatattaki rundunar da aka tura musu da gatari da fartanya da kibiya, suka kashe Turawa uku. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da bindigogi masu ruwa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka baje garin. Ko mun yarda da aƙidarsu ko ba mu yarda ba, mutanen nan sun san abin da suke ƙi, sun san kuma kuɗinsa.

Abin da ya sa muka tono wannan tarihi shi ne, tambayar ta dawo mana ta waya da baƙuwar riga. A YouTube da TikTok ana cin karo da wasu Amurkawa masu kiran kansu sovereign citizens, wato masu cewa kowane mutum ƙasa ne mai cin gashin kansa, doka ba ta hawa kansa sai da yardarsa. Tushensu wata ƙungiyar fifita farar fata ce, Posse Comitatus, da ta ɓulla wajen 1970. Amma kasuwarsu ba ta buɗe ba sai a shekarun 1980, lokacin da kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, bankuna suka shiga ƙwace gonakin manoman da bashi ya yi wa katutu. Mai neman kuka aka jefa da kashin awaki.

Ga tatsuniyar da wani mai suna Roger Elvick ya yaɗa. Wai tun da Amurka ta daina jingina kuɗinta da zinariya a 1933, sai gwamnati ta jinginar da 'yan ƙasa a madadinta. Wai takardar haihuwa tana ƙirƙiro wani mutum-mutumi mai sunanka da manyan baƙaƙe, shi ake bi bashi ba kai ba, kuma yana da asusun ɓoye a baitulmali. Ka rubuta wasu kalmomi na musamman a kan takardar bashi, sai asusun ya biya. A 1996 wasu mabiya irin wannan tunani suka killace kansu a wata gonar da bashi ya ci a jihar Montana, suna buga cakin banki na jabu, suka yi kwana 81 suna kallon-kallo da jami'an FBI. Jagoransu, LeRoy Schweitzer, a kurkuku ya mutu. A 2012 wani alƙali a Alberta ta Kanada, John Rooke, ya bi dabarun ɗaya bayan ɗaya a hukuncin shari'ar Meads, ya nuna babu wadda take da gindi a doka.

Mu da muke rubuta manhaja mun san inda ruɗin yake, don a sana'armu haka abin yake aiki. Kwamfuta ba ta san niyya ba. Babban baƙi da ƙarami suna iya zama abu biyu a wurinta, waƙafi guda yana tsayar da aiki, kuma wanda ya gano kafar da marubuci ya manta bai toshe ba sai ya shige. Mutanen nan sun ɗauki kotu kwamfuta ce, suna neman kalmar sirrinta. Alhali a kan kujerar mutum ne, mai karanta niyya, a bayansa kuma akwai ɗan sanda da gidan yari. Lugga dai bai ɓoye wannan ɓangaren ba.

Abin lura a tarihinmu shi ne, rigimar a kan haraji da mulki aka yi ta, ba a kan bashin da ke tsakanin mutum da mutum ba. Faɗuwar gari ba ta yafe wa kowa kuɗin goron da ya ɗauka a Kurmi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda manhajojin ba da rance suka shaƙe yau yana da abin ƙorafi na gaske, kuɗin ruwa mai yanka wuya da tozarta mutum a wurin duk wanda lambarsa ke cikin wayarsa, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sha ɗaukar mataki a kan irin waɗannan kamfanoni. Can ne wurin kai kuka. Takardar haihuwarsa ba ta da asusu.

Shi kuwa harajin da Satiru ta ƙone a kansa, ya daɗe. 'Yan NEPU na Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a shekarun 1950 suna sukar yadda ake tatsar talaka da shi, a kotunan alƙalan da suke ƙalubalanta ɗin. Sai a Oktoban 1979, da Abubakar Rimi ya hau gwamna a ƙarƙashin PRP, aka soke haraji da jangali a Jihar Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna.