Tarihin Reno da Almajiranci a Ikilisiyoyin Kudancin Katsina

Duk wanda ya yi nufin sanin yadda addinin Kirista ya sami wurin zama a kudancin ƙasar Katsina, tun daga Malumfashi da Ƙanƙara har zuwa Faskari da Sabuwa da karkarar Ruwan Godiya, inda Musulunci ya daɗe da kafuwa, Maguzawa kuma suka daɗe riƙe da al'adun kakanninsu, to, lalle ne ya fara bincikensa daga mutane kafin ya waiwayi gine-gine, domin galibin Hausawa Kirista na wannan yanki, in an tambaye su asalin bangaskiyarsu, sunan wani bawan Allah za su ambata, wanda ya zauna da su, ya koya musu karatu, ya yi musu nasiha, ya kuma jure wa rauninsu shekara da shekaru.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa, ɗalibi kan durƙusa a zauren malaminsa, ya yi masa hidima, ya taya shi noma, ya ɗauki ladabinsa tare da iliminsa, har ranar da za a ba shi ijaza. Haka kuma ɗan maƙeri yake fara zuga tun bai iya riƙe guduma ba. Littafi Mai Tsarki ma cike yake da irin wannan silsila, kamar ta Musa da Joshuwa, da Iliya da Elisha, da Manzo Bulus da Timoti wanda ya ɗauka tamkar ɗan cikinsa. Saboda haka da bishara ta iso ƙasar Hausa, sai ta tarar da tafarkin da za ta bi a share yake.

Misali na farko da tarihi ya kiyaye mana a ƙasar Zazzau yake. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda yana cikin ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallama a 1900 ba tare da ya ba su izinin zama ba, ya sauka a birnin Zariya a 1905, da ya ga wa'azin kasuwa ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya buɗe gidansa ga yara, suna ci tare, suna karatu tare, yana lura da halin kowannensu. Daga wannan gida, da makarantar Wusasa da ta gaje shi bayan mishan ɗin ya ƙaura can a 1929, aka sami Likita Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Malam John Tafida marubuci, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, shi ma sai da Miller ya zauna da Hausawa masana harshe tsawon shekaru kafin ya kammalu, wato malamin ma sai da ya koma ɗalibi.

A ƙasar Katsina kuwa, da yake gwamnatin Turawa ta taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi, ƙofar da ta buɗe ita ce ta jinya, yayin da mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga a 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Majinyaci kan shekara biyu ko uku a wurin, ya koyi karatun boko da wanke miki a hannun wanda ya riga shi, in ya koma ƙauyensu kuma ya koya wa wani. Bayan kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa a 1948, da kafa ikilisiyar ECWA a 1954, sai masu bishara suka riƙa shiga gidajen Maguzawa, su nemi gona su yi noma kamar kowa, da dare su kunna fitila su tara yara. A ɗarikar Katolika wannan nauyi katikis ne ya ɗauke shi, shi ne mai koyarwa, mai sulhu, mai ziyarar marar lafiya a ƙauyen da fada ba ya zuwa sai jefi-jefi. Albarkar wannan haƙuri ta bayyana a 2023, lokacin da aka kafa Dayosis na Katsina aka naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, bishop ɗinsa na farko.

Yadda renon yake gudana abin lura ne ƙwarai. Yaro kan fara da riƙe wa mai bishara jaka in za shi ƙauye, daga nan a ba shi karatun nassi ranar Lahadi, sannan jagorancin waƙa, sai an ga natsuwarsa da riƙon amanarsa tukuna a bar shi ya yi wa'azi, in ya yi kuskure kuma a keɓe shi a gyara masa ba tare da tozartawa ba. A Zumuntar Mata ta ikilisiya, dattijuwa kan ɗauki amarya ta koya mata addu'a da zaman aure da tarbiyyar 'ya'ya. Ta haka aka gaji abubuwan da wa'azin awa guda ba ya dasawa: gafara, da gaskiya a ciniki, da kyautata wa maƙwabci Musulmi, da istiƙama a lokacin tsanani. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yau ga tsananin ya zo. Ta'adin 'yan bindiga ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020, ƙauyuka da dama sun watse, Musulmi da Kirista sun yi gudun hijira tare zuwa Funtuwa da sauran garuruwa. Wanda ya gudu bai ɗauki majami'a a ka ba, abin da aka zuba masa a ƙirji shi kaɗai ya tafi da shi. Saboda haka wajibi ne a kan kowane fasto da katikis da dattijon ikilisiya da uwar zumunta, duk inda hijira ta ajiye su, su nemi yaro ko yarinya guda, musamman marayun wannan fitina, su jawo su jiki, su ba su lokacinsu, su koya musu abin da aka koya musu, domin kada silsilar da magabata suka wahala wajen ƙullawa ta yanke a hannunmu.