Miyasteniya: ciwon da garkuwar jiki ke juya wa tsoka baya, da abin da canjin ruwan jini ke iya yi

Miyasteniya, wadda likitoci ke kira myasthenia gravis, ciwo ne da ke sa tsoka saurin gajiya. Mutum kan tashi da safe garau, amma kafin la'asar fatar idonsa ta sauko, yana gani biyu-biyu, muryarsa na fita ta hanci, tauna tuwo ma ta zama aiki. In ya huta sai ƙarfin ya ɗan dawo. Wannan zuwa da dawowa ne ke sa a ɗauka lalaci ne, ko sammu, alhali ciwo ne da likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana tun 1672. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza da suka haura 60.

Tushen matsalar yana mahaɗar jijiya da tsoka. Jijiya na sakin wani sinadari, asetilkolin, wanda ke sauka kan wasu ƙananan ƙofofi a jikin tsoka, sai ta motsa. A jikin mai miyasteniya, ƙwayoyin garkuwa da ake kira T ne ke yin kuskure, su ba ƙwayoyin B umarnin ƙera makamai, wato antikor, a kan waɗannan ƙofofi. Makaman na toshe wasu, su lalata wasu. Saƙo na fitowa daga jijiya, amma masu karɓarsa sun ragu. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu ciwon a duk jiki ana samun irin wannan antikor a jininsu. A wasu kuma wani furotin mai suna MuSK ake kai wa hari. Timus, wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji inda ƙwayoyin T ke samun horo, na da hannu a ciki: kashi 10 zuwa 15 na majinyata na da ƙari a wurin, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji, wani lokaci a cire ta.

Haɗarin na zuwa ne ranar da raunin ya kai ga tsokokin numfashi da na haɗiya. A nan ake bukatar canjin ruwan jini. Ana jawo jinin majinyaci zuwa wata na'ura, ta ware ƙwayoyin jini daga ruwan da suke yawo a ciki, a zubar da ruwan tare da antikor ɗin da ke cikinsa, a mayar da ƙwayoyin haɗe da albumin. Yawanci ana yi kamar sau 5 cikin kwana 10 zuwa 14, kowane zama ana canza lita 2 zuwa 3. Likitoci a Landan, cikinsu har da John Newsom-Davis, ne suka nuna amfaninsa a 1976. Sauƙi kan bayyana cikin 'yan kwanaki.

Sai dai yashe rijiya ne ba tare da toshe idon ruwa ba. Na'urar na kwashe makaman, ba ta taɓa ƙwayoyin da ke ƙera su, don haka bayan wasu makonni sai su sake taruwa. Aikinta shi ne tsallakar da mutum daga mawuyacin hali, ko shirya shi kafin tiyata. Tana kuma da nata haɗari: faɗuwar awon jini, zubar jini, da ƙwayoyin cuta ta hanyar bututun da ake sakawa. Inda babu na'urar, ana yin ƙarin ruwan imunogulobulin, mai tsada shi ma. Maganin yau da kullum shi ne piridostigimin, wanda ake sayarwa da sunan Mestinon, tare da masu kwantar da garkuwa kamar firedinizon da azatiyofirin.

Ga mutumin Keita, Tamaske ko Barmu, hanya na farawa daga CSI zuwa asibitin gunduma, sannan babban asibitin jaha na Tawa. Ƙwararrun likitocin jijiyoyi sun fi yawa a Yamai, tafiyar sama da kilomita 500, wadda ba ƙaramar kasada ba ce ga mai sarƙewar numfashi. Shi ya sa gane ciwon da wuri ya fi komai muhimmanci, kuma akwai gwaji mai araha: a ɗora ƙanƙara kan fatar idon da ta sauko na minti 2, in ta ɗaga, alama ce mai ƙarfi. Zafi kuwa akasin haka yake yi, kuma a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a Adar.

Wasu magungunan da aka saba da su na iya tayar da ciwon. Kinin da kulorokin na zazzaɓin cizon sauro suna ciki, haka jentamisin, sifurofulokizasin da azitoromisin, sai kuma sinadarin magneziyom da ake ba masu ciki in jijjiga ta kama su. Duk wanda aka tabbatar yana da miyasteniya ya kamata ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin a yi masa allura ko ƙarin ruwa, mai ciki kuma ta sanar da ungozoma tun awon farko.